Kifin roba mai waƙa: wane kaya zan saya ya koma yin kacici-kacici da Hausa?

Malamin Fasaha, Zariya

Assalamu alaikum. Ina gaida dattawan wannan zaure da masu sana'ar gyara. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo, gara in faɗi komai yadda na gan shi.

Ni malamin makaranta ne, darasin fasaha nake koyarwa a ƙaramar sakandare. Ranar Asabar da ta wuce na shiga Kaduna, na biya Kasuwar Barci neman tsohuwar rediyo da zan kwance wa yara su ga cikinta. A wata rumfar gwanjo, ƙarƙashin tulin dutsen guga da butocin lantarki, sai na hango kifin roba manne a jikin allo mai kalar katako. Ya fi taƙi tsawo, bai kai kamu ba, kamanninsa sun fi kusa da giwan ruwa. A ƙasan allon an rubuta Big Mouth Billy Bass. Na taya, aka sallama, na manta da rediyon na taho da shi.

Da na bincika sai na ga ashe sanannen abu ne a Amurka. Kamfanin Gemmy na jihar Tekzas ne ya yi shi, ya yi tashe sosai wajen shekarar 2000. Waƙoƙin Turanci biyu yake yi, yana kaɗa jela, sannan ya ɗago kai daga jikin allon ya dube ka yana motsa baki. Na kuma ga a 2016 wani mutum ya haɗa nasa da Alexa, manhajar kamfanin Amazon da ake yi wa magana ta amsa da murya, har kifin yana amsa tambaya. Ni burina bai kai can ba.

Ga halin da nawa yake ciki. Batir huɗu yake ci, masu girman C. Ɗaya daga cikin sifirin ramin batirin ya yi farin gishiri, na goge shi da ruwan lemon tsami da tsohon buroshin haƙori, na shanya. Da na sa sababbin batura na danna jan maɓallin da ke gaba, waƙa ta tashi, jela ta kaɗa, kai ya ɗago. Baki ne kawai bai motsa ba, amma in ka kara kunne za ka ji wani abu yana ƙugi daga cikin kan. Na kwance murfin baya. Abin da na tarar: lasifika ɗaya, wayoyin moto biyu, wani ɗan ido mai ganin haske, da ƙaramin fanel wanda aka ɗiga wa wani baƙin abu a tsakiya kamar ɗigon kwalta.

Abin da nake so shi ne kifin nan ya daina waƙar Turanci, ya koma yi wa ɗalibaina kacici-kacici. Yaro ya danna maɓalli, kifi ya juyo ya ce “Ƙulin ƙulifita”, aji ya amsa “Gauta”, ya ce “Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya”, ya yi shiru ya jira. Kuma so nake yaran su haɗa shi da hannunsu. Shekara da shekaru da alli nake zana musu batir da waya da makunni a allo, su kwafe, su haddace, su ci jarrabawa, amma da yawansu ba su taɓa riƙe resisto a tafin hannu ba. Wannan abu yana damuna matuƙa.

To, shin ana iya goge waƙar da ke cikin baƙin ɗigon nan a sa wata? In ba a iyawa, wane kaya zan saya, kuma a ina? Ina da ayan ɗin dalma, da mita, da tsohuwar laftof. Ban taɓa rubuta wa na'ura umarni ba, amma a shirye nake in koya. Kuɗin daga aljihuna zai fito, don haka a duba mini mai sauƙi.

Baba Mai Rediyo, Kano

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da wannan niyya.

Baƙin ɗigon nan ka cire rai da shi. Ƙwaƙwalwar ce tsirara aka manna a fanel aka zuba mata gam, irin wadda ke cikin agogon bango da kalkuleta. Tun daga masana'anta aka dasa waƙar, ba ta gogewa. Ka yanke wayoyin ka cire fanel ɗin gaba ɗaya, amma kafin almakashi ya taɓa komai ka ɗauki hoto da wayarka, kuma ka liƙa wa kowace waya 'yar takarda da sunanta. Kada ka dogara da kalar waya. Kuma kada ka yar da tsohon fanel, akwai tiransisto a jiki da yara za su koyi cirewa.

Sai dai ni ba ta nan zan fara ba. Ka fara da bakin da ba ya motsi, don in ka kashe kuɗi ka sayo kayan duniya bakin nan bai buɗe ba, aikin banza ne. Ƙugin da kake ji alama ce moto yana da rai. Abin da na fi zato, ɗan ƙaramin giyan roba da ke kan sandar moton ne ya tsage. Haka suke yi in sun tsufa: sandar tana juyi, giyan yana tsaye. Ka zare fatar kifin a hankali daga wajen kai, ka kwance akwatin giyan, ka haska da tocila. Tsagar siririya ce kamar gashi, daga rami zuwa tsakanin haƙora biyu. In ka gan ta, ka ƙirga haƙoran, ka auna kaurin sandar, yawancin ƙananan moto irin wannan milimita 2 ne. Ka ɗauki tsagaggen ka je wajen masu gyaran DVD ko masu tsofaffin motocin wasan yara, a gwada har a dace. Kada ka sa masa sufa gulu, kwana biyu zai sake, in ma bai malala cikin moton ya kashe shi ba.

Fatar kuma ka kiyaye ta. Kada man basilin ko baƙin mai ya taɓa ta, suna cin roba. In giyan yana son mai, ɗan giris na silikon kaɗan ya isa. Kada ka rataye shi inda rana ke dukansa ta taga, zafin bazara zai busar da shi ya fara tsagewa daga gefen baki, nan ne ya fi lanƙwasa.

Gwajin moto ba ya son wata na'ura. Batir biyu na tocila ka haɗa, bolt 3 ke nan, ka taɓa wayoyin moton na daƙiƙa ɗaya. Tunda naka mai moto biyu ne, na jikin za ka ga in ka taɓa ta wannan fuska kai ya ɗago, in ka juya wayoyin jela ta kaɗa. Na farkon da suka fito moto uku gare su, kai da baki da jela kowa da nasa. Kada ka daɗe kana riƙe da wutar, don in ya kai maƙura moton tsayawa yake yana shan wuta yana zafi. Sifirin ne ke mayar da shi in an saki.

Maganar murya, ni a ganina ba sai ka nemi kwamfuta ba. Akwai fanel ɗin MP3 da muke sa wa amfilifaya da Keke Napep, mai cin memori da filash, har da rimot. Ka sayi mai bolt 5. Ka ɗauki muryarka a waya ka zuba a memori. Daga sautin da ke fita ka ɗebi kaɗan ta kafasita, ya bi ta diyod 1N4148, ya taru a wata ƙaramar kafasita da resisto a gefenta mai zubar da shi, daga nan ya shiga tiransisto TIP120 wanda zai ja moton baki. Murya ta yi ƙarfi baki ya buɗe, ta yi ƙasa sifirin ya rufe shi. Ka gitta diyod 1N4007 a bayan moton, a juye, don wutar da yake tofowa in an yanke masa kada ta kashe tiransiston. Duk kayan nan akwai su a Sabon Gari nan Kano, kuma na tabbata masu gyaran rediyo na Zariya ba za su rasa ba. Yaro ya ga wannan da idonsa, ya bi wutar da yatsa daga farko har ƙarshe, ya fi masa amfani da akwatin da ba ya ganin cikinsa.

Ɗalibar Injiniya, Bauchi

Barka da war haka Malam. Baba, ina gaisuwa. Duk abin da Baba ya faɗa a kan giya da fata a bi shi sau da ƙafa, ni ma na ƙaru. Amma da izinin Baba zan ɗan saɓa a kan ƙwaƙwalwar.

Hanyar Baba za ta motsa baki, ba ta san lokacin ɗago kai ba, ba ta san ta yi shiru ta jira amsar yara ba. Kacici-kacici kuwa jiran nan shi ne daɗinsa. Sannan moton jiki yana bukatar a riƙa juya masa wuta gaba da baya, tiransisto ɗaya ba zai iya ba. Shi ya sa nake ganin Malam ya sayi waɗannan:

Arduino Nano guda ɗaya, shi ne sabuwar ƙwaƙwalwar. DFPlayer Mini, ɗan fanel ne mai kunna murya da bai fi kan babban yatsa ba, yana karanta memori har mai gig 32. Direban moto TB6612FNG ko DRV8833, kowannensu yana jan moto biyu gaba da baya. Amfilifaya PAM8403. Sai kafasita mai 1000uF guda biyu, ƙananan kafasita masu lamba 104 kamar biyar, mai 10uF ɗaya, resisto 1k ɗaya, 10k biyu, da allon gwaji mai ramuka da wayoyinsa don yara su soka su zare ba tare da dalma ba.

Kada a haɗa moto kai tsaye da ƙafar Arduino ko da wasa. Ƙafa ɗaya miliamfiya 20 aka so ta bayar, 40 ne iyakarta, moton da ya tsaya cak kuwa yana jan ninkin haka sau da yawa. Direban TB6612FNG yana ɗaukar amfiya 1.2 a kowane ɓangare. Akwai wata ƙafa a jikinsa, STBY, dole a ba ta bolt 5, in ba haka ba zai yi lakur kamar matacce. Mutane da yawa sun mayar wa mai shago da lafiyayyen direba saboda ita.

Masu shago za su miƙo maka wani direban, L298N, jan fanel mai baƙin ƙarfe a tsaye, don shi ya fi yawa a kasuwa. Yana aiki, amma shi kansa yana cinye wajen bolt 2 kafin wuta ta isa moto. In ka ba shi 5, abin da zai kai ga kifin bai fi 3 ba, kan zai ɗago rabi ya tsaya.

Wuta ita ce inda aka fi yin asara. Batir huɗu sababbi sun ɗan haura bolt 6. DFPlayer daga 3.2 zuwa 5 yake so, PAM8403 kuma 5.5 ne iyakarta. Ka ba su wutar ramin batirin nan kai tsaye, sai dai ka ji ƙauri. Mafi sauƙi, a manta da baturan, a samu cajar waya ta kirki mai bolt 5 amfiya 2 a ciyar da kowa daga ita. A sa 1000uF ɗaya daf da direba, ɗaya daf da DFPlayer, a liƙa 104 a kan ƙafafun kowane moto. Duk wayoyin nagetif su haɗu wuri guda. Amma a kula, nagetif ɗin lasifika da ke fita daga PAM8403 ba ya cikin wannan, shi ma wuta yake ɗauke da ita, in an haɗa shi da sauran amfilifayar za ta ƙone. Wannan ya shafi hanyar Baba ma, a duba irin amfilifayar kafin a ɗebi sauti daga bakin lasifika.

DFPlayer yana da halinsa. Tsakanin ƙafar da Arduino ke aika umarni da ƙafar RX ta DFPlayer a sa resisto 1k, yana rage ƙara. A memori a buɗe jaka mai suna mp3, a sa wa muryoyin 0001, 0002, haka har ƙarshe, a riƙa kiransu ta wannan jakar. In ba haka ba, yana bin jerin yadda aka kwafa su ne, ba sunan ba, sai kifi ya faɗi amsa kafin tambaya. Yana da ƙafa mai suna BUSY da ke sauka ƙasa muddin murya na tafiya, da ita Arduino zai san an gama magana.

Yanzu baki, nan ne na fi so mu tsaya. Hanyar da aka saba ita ce Arduino ya saurari ƙarfin murya. Ana ɗebo sautin ta kafasita 10uF, a ɗaga shi zuwa tsakiya da 10k biyun nan, ya shiga ƙafar A0 ta Arduino. In shiru ne zai karanta wajen 512, tunda ma'auninsa daga 0 zuwa 1023 ne. Ya yi nisa da 512, a buɗe baki. Yana aiki, amma a gwada da “Baba na ɗaka, gemu na waje”. A wajen “gemu” leɓɓan mutum suna haɗuwa a kan m, alhali muryar ba ta yanke ba, sai kifi ya bar baki a wangame. Hausa cike take da m da b da ɓ da dogayen wasula, kuma yaro Bahaushe zai gane bakin da bai bi maganar ba ko da bai iya faɗin dalili ba.

Tunda muryoyin Malam ɗaukakku ne tun da wuri, akwai dabarar da ta fi. Sautin MP3 hannu biyu gare shi, hagu da dama. A manhajar Audacity, kyauta ce, a sa murya a hagu. A dama a sa ɗan sautin fito daidai kowace gaɓa da ake so baki ya buɗe, a bar shiru inda ake so ya rufe. Ƙafar DAC_L ta DFPlayer, wato hagu, ta tafi amfilifaya, DAC_R, wato dama, ta tafi A0. Ba wanda zai ji fiton sai Arduino. Dalilin sayen PAM8403 ke nan duk da DFPlayer yana da tasa amfilifayar: tasa mai hannu ɗaya ce, ba za ta raba maka su ba. Kuma aikin yanka gaɓoɓin nan yara za su iya yi, suna ganin zanen muryarsu a laftof, suna ƙirga Ba-ba-na-ɗa-ka. Malamin Hausa ma zai samu rabonsa.

Umarnin da za a rubuta bai kai layi ɗari ba. In kayan sun iso Malam ya yi magana a nan, sai mu bi shi layi-layi.

Baba Mai Rediyo, Kano

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Maganar hannun hagu da dama ban taɓa jin ta ba, kuma ta shige ni. Na yarda a sa Arduino. Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya: Malam ya fara haɗa musu na tiransisto ko na mako guda ne, su ga baki yana motsi ba tare da kwamfuta ba, sannan a kawo ƙwaƙwalwar. Wanda bai san rarrafe ba ba a sa shi gudu.

Kuma cajar da kika ce, a gwada ta. Cajojin kasuwa da yawa an rubuta amfiya 2 a jiki, in ka ɗauka ba nauyi kamar kwalin ashana. Malam ya sa mita a kanta lokacin da kan kifin ke ɗagowa. In ta faɗi ƙasa da 5 sosai a canza ta.

Ɗan Katako, Yamai

Salamu alaikum, gaisuwa daga Nijar. Malam, ni kayan tsohuwa nike saidawa a kasuwar Katako, irin kifin nan ya taɓa biyowa ta hannuna cikin kayan da ake kawowa daga Turai. Abin da zan ƙara na wajen saye ne.

Rabin abin da aka lissafa maka ba sai ka saya ba. Mataccen DVD guda yana da moto, da giya, da maɓallai, da diyod. Akwatin wutar tsohuwar kwamfuta yana da kafasita masu 1000uF da wayoyi masu kauri, sai dai manyan kafasitan da ke ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare, babba ya sauke su kafin yaro ya sa hannu. Ka duba kan kowace, wadda ta kumbura ko ta yi tsatsa a ƙafa ka bar ta.

Uku ne ba ka samu a bola: Arduino, DFPlayer, da direba. Su sai wajen masu saida kayan ɗalibai kusa da jami'a, ko ka yi oda daga Legas, can Alaba da masu saidawa ta intanet, a sako maka a mota. AliExpress ya fi araha amma sai ka yi haƙurin makonni. Shawarata, DFPlayer ka sayi biyu. Ana yin su da ƙwaƙwalwa iri-iri, suna kama a ido amma ba duka ke jin umarni daidai ba. Ni na taɓa sayen uku wuri guda, ɗaya bai ko karanta memori ba, mai shagon ya ce shi ba ya amsar kayan da aka taɓa da dalma. Tun daga nan nike gwada kowane a allon ramuka kafin in liƙa.

Nano kuma yawancin na kasuwa suna da CH340 a ciki, shi ke haɗa shi da laftof ta USB. Laftof ba za ta gan shi ba sai ka sa mata manhajar direbansa. In ta gan shi amma umarni ya ƙi shiga, a wajen zaɓen ƙwaƙwalwa cikin manhajar Arduino ka ɗauki ATmega328P mai tsohon butloda, wato wanda aka rubuta wa Old Bootloader. Ka tambayi kebul ɗinsa tun a shago, wasu bakin tsohon yayi gare su wanda ba na waya ba.

Na san lakol, wato makaranta, ba kullum ake da wuta ba. Fawa bank zai riƙe shi, amma wasu suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, sai kifin ya mutu yana jiran amsar yara. Gwada naka ka gani. Batirin 18650 da ake cirewa a tsohuwar laftof kuwa, ban ba ka shawarar kai shi aji tsirara ba. Waya biyu suka haɗu, wuta ce.

Idon nan mai ganin haske, ka bar shi kada ka haɗa. Inuwa yake gani. A ajin da yara ke kai da kawo ba zai yi shiru ba ko minti guda. Jan maɓallin ya isa.

Malamin Fasaha, Zariya

Jama'a na dawo bayan mako biyar. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba, zatonka ya tabbata. Giyan ya tsage, sai da na sa tabarau na haska sannan na ga tsagar. Wani mai gyara ya zube mini gwangwanin tarkacensa a kan benci, muka yi ta gwadawa har muka dace da ɗaya daga motar wasan yara. Da na taɓa masa batir biyu bakin ya buɗe ya rufe, ƙwas. Na yi yadda ka ce, mako guda muka yi a kan tiransisto. Na raba aji gida shida, kowane gida ya zo ya haɗa ya kwance. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ita ta gano mun juya diyod ɗin 1N4148, ta nuna mini baƙin zoben da ke gefensa ta ce “Malam, ba nan ya kamata ya kalla ba.” Tun ranar ita ke riƙe mita.

Kayan oda sun iso a mako na uku. Na sayi TB6612FNG, kuma na tuna da STBY. DFPlayer biyu na saya kamar yadda ɗan uwana na Yamai ya ce, duka sun yi. Matsalar da ta ci mana kwana uku ita ce, duk lokacin da kai zai ɗago sai murya ta yanke, Nano ya koma farko. Na sa mita a kan cajar kamar yadda Baba ya ce, sai ga ta tana zubewa. Na canza caja, ya ragu amma bai daina ba. Ashe wutar moton na bi da ita ta siraran wayoyin allon gwaji. Da na ja wa direba tasa wayar mai kauri kai tsaye daga caja, na matso da 1000uF daf da shi, shi ke nan.

Malama Injiniya, dabarar hagu da dama ta yi. Yanzu muna da kacici-kacici goma sha huɗu, duk da muryar yara, kowa ya yanka gaɓoɓin nasa. Wani ya kawo “Rawanin baba ya faskari naɗi” daga wajen kakarsa. Da kifin ya ɗago kai ya faɗe shi, leɓe ya haɗu daidai kan “baba”, sai da malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo jin sowa.

Saura abu biyu. Na farko, in kai ya daɗe a ɗage moton jiki yana ɗumi, na taɓa na ji. Yanzu na sa ya koma bayan daƙiƙa huɗu, amma wasu tambayoyin sun fi haka tsawo. Na biyu, akwai wani siririn ƙara a lasifika duk sanda baki ya motsa, duk da na liƙa 104 a kan moton.

Ɗalibar Injiniya, Bauchi

Masha Allah, Malam. A gaida mini mai riƙe mita.

Na farkon, ɗaga kai ne ke son ƙarfi, riƙe shi ba ya so. A ba moton cikakkiyar wuta, 255, na rabin daƙiƙa, sannan a rage lambar da ke zuwa ƙafar PWM ta direba, mai daidaita ƙarfin wutar moto. A riƙa saukowa da goma-goma har kan ya fara komawa, sai a ƙara kaɗan a tsaya nan. A taɓa moton bayan tambaya biyar a jere a ji.

Na biyun, a murɗe wayoyin moton baki biyu kamar igiya, a nisanta su da wayar da ke tafiya daga DAC_L zuwa amfilifaya, ita kuma a gajarta ta iya yiwuwa. Nagetif ɗin amfilifaya ya tafi caja da kansa, kada ya ratsa ta na direba. In ƙaran bai tafi ba, a turo hoton bayan allon da haske sosai, in ga yadda wayoyin suka kwanta.